Naman kazan itace: ƙaramar halittar da ke mayar da matacciyar bishiya taki a gonakin Shanono

Kwana biyu ko uku bayan saukar ruwan farko a ƙasar Shanono, duk wanda ya tsaya ya ƙura wa tsohuwar dirkar danga ido, ko gungumen mangwaron da aka yasar a bayan gida, yana iya ganin wasu ƙananan abubuwa masu ruwan toka manne da itacen, a jere kamar an liƙa 'yan mafitai. Babu wanda ya shuka su. Tun cikin rani suna wurin, a bushe, a ƙanƙame, har ido ba ya raba su da ɓawon itacen. Danshin ruwan ne ya buɗe su.

Masana kimiyya suna kiran wannan halitta Schizophyllum commune. Ba ta cikin kayan da ake kasawa ranar kasuwa, ba ta cikin kasafin kuɗin kowace ma'aikata, kuma ga mai gona ba ta wuce alamar cewa itace ya fara ruɓewa, lokaci ya yi da za a kai shi murhu. Amma ita da danginta ne ke riƙe da aikin da ƙasar noma ba ta iya yi wa kanta, wato mayar da mataccen itace ya koma ƙasa. A yankin da taki ya yi tsada, gonaki suka gaji, gwamnatoci kuma suke alfahari da yawan dashen da suka raba, sanin wannan aiki yana iya sauya ma'aunin da ake auna shirye-shiryen kare muhalli da shi.

Wace irin halitta ce?

Bahaushe ya daɗe da sanin wannan dangi ta fuskoki daban-daban. Akwai naman kaza da laimar kwaɗi da ke tsirowa a ƙasa da damina, akwai funfunar da ke hawa tuwon da ya kwana biyu, akwai burtuntunar da ke mayar da zangarniyar dawa baƙin gari, akwai kuma yis ɗin da ke kumbura burodi. Duk gida ɗaya suka fito. An daɗe ana lissafa su cikin tsirrai, sai a 1969 wani masani ɗan Amurka, Robert Whittaker, ya ware musu rukuninsu na kansu. Dalili shi ne tsiro yana haɗa abincinsa da hasken rana, su kuwa ba su da wannan baiwa, sai dai su ci abin da wata halitta ta riga ta gina. Daga baya binciken ƙwayoyin gado ya nuna sun ma fi kusa da dabbobi a kan tsirrai.

Yawansu ya zarce abin da aka rubuta nesa ba kusa ba. Rahoton da cibiyar binciken tsirrai ta Kew da ke Ingila ta fitar a 2023 ya ƙiyasta cewa akwai nau'i kusan miliyan 2.5 a duniya, alhali waɗanda aka raɗa wa suna ba su wuce 155,000 ba.

Waɗanda ke fitowa a jikin itace su ne a nan ake kira naman kazan itace, kuma bai kamata a rikita su da kauci ba. Kauci tsiro ne mai ganye da fure, tsuntsaye ke ɗora irinsa a kan reshe mai rai, ya riƙa tsotsar ruwan bishiyar. Naman kazan itace ba shi da ganye, ba shi da fure. Abin da ake gani a waje ma 'ya'yansa ne kawai. Ainihin jikinsa wasu siraran zaruruwa ne, waɗanda suka fi gashi siranta, da suka ratsa cikin itacen tun watanni ko shekaru kafin a ga komai a waje.

Faɗin Schizophyllum bai cika wuce santimita 1 zuwa 4 ba. Ba shi da kara, bayansa na da gashi-gashi, cikinsa kuma layuka ne kamar haƙarƙari, kowane layi a tsage biyu. Wannan tsagar ce ta sa masanin ƙasar Suwidin, Elias Fries, ya ba shi sunan a 1815, sunan da ke nufin tsagaggen ganye. Ita ce kuma sirrin rayuwarsa a ƙasa mai dogon rani. Idan iska ta bushe sai gefen tsagar ya nannaɗe ya rufe wurin da iri ke fita. Da ruwa ya taɓa shi sai ya buɗe, ya ci gaba da zubar da iri mai kama da ƙura, iska ta kwasa. Yana iya yin wannan rufewa da buɗewa sau da dama. Shi ya sa ake samunsa a kowace nahiya in ban da Antaktika mai ƙanƙara. Ya kuma shahara a ɗakunan bincike tun bayan da John Raper na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka gano cewa maimakon jinsi biyu, yana da nau'o'in haɗuwa fiye da 23,000.

Abin da ya sa itace ke da wuyar ci

Itace ya ƙunshi manyan sinadarai uku. Kusan rabinsa selulos ne, irin zaren da ke cikin auduga, wanda asalinsa sukari ne da aka saƙa. Akwai ɗan'uwansa hemiselulos. Na uku shi ne liginin, wanda ke kaiwa kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na busasshen itace. Idan aka ɗauki misalin ginin ƙasa, selulos ya yi kama da ciyawar da magini ke cuɗawa a cikin ƙasa, liginin kuma ya yi kama da laka da makubar da ke riƙe ginin su hana ruwa shiga. Shi ne ya sa marke ke tsayawa ƙyam shekara da shekaru, shi ne kuma ya sa akuya ke cin ganye ta bar gungume.

A cikin halittu, naman kazan itace ne ya fi kowa iya warware liginin. Zaruruwansa suna fitar da sinadaran narkarwa a cikin itacen, su sassauta shi, sannan su tsotse abin da ya narke. Ruɓar iri biyu ce, kuma ana iya bambanta su da ido. Idan itace ya yi fari, ya yi laushi kamar soso, ana iya yagar sa da hannu, to an cinye liginin ɗinsa. Idan kuwa ya yi ja-ja ya farfashe gida-gida kamar gawayi, selulos aka cinye aka bar liginin.

Aikin bi da bi ake yin sa. Schizophyllum yana cikin masu fara isowa, saboda yana jure zafi da bushewar da sauran ba sa jurewa. Ƙarfinsa a kan liginin kaɗan ne, don haka ya fi cin ɓawo da farin itacen da ke ƙarƙashinsa. Da itacen ya sassauta ya fara riƙe danshi, sai waɗanda suka fi shi ƙarfi, irin su Trametes da Ganoderma, su samu wurin zama. Ƙwari su huda, tsutsotsi su bi, har gungumen ya koma baƙar ƙasa mai laushi.

A ma'aunin duniya wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Wani bincike da mujallar Nature ta wallafa a 2021 ya ƙiyasta cewa matattun itatuwa suna sakin kabon tan biliyan 10.9 a kowace shekara, kashi 93 cikin 100 daga dazuzzukan ƙasashe masu zafi, kuma ƙwari na da hannu a kusan kashi 29. Wannan kabon ba irin na hayaƙin man fetur ba ne, domin bishiyoyi masu tasowa suna sake shaƙe shi. Zagaye ne, matuƙar ana barin sababbi su maye gurbin waɗanda suka mutu.

Dajin Shanono a cikin gonaki yake

Mai karatu zai iya tambaya, ina daji a Shanono? Ƙaramar hukumar tana arewa maso yammacin Jihar Kano, a kan iyaka da Katsina, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum kusan 140,000. Kusan duk inda garma za ta iya shiga an noma shi. Babu wani abu mai kama da dajin Falgore da ke kudancin jihar.

Amma wanda ya hau tudu ya hanga zai ga bishiyoyi a warwatse cikin gonaki har iya ganinsa: ɗorawa, kuka, tsamiya, gawo, kanya, ɗinya, marke, darbejiya, mangwaro. Kowacce da mai ita, kowacce da dalilin barinta. Wannan shi ne dajin wurin, kuma manomi ne ya tsara shi. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya shafe shekaru yana nazarin karkarar Kano mai cunkoson jama'a. A wani littafi kan itacen girki da shi da abokan aikinsa suka fitar a 1990, sun nuna cewa duk da yawan jama'a da buƙatar birni, manoman da ke kewaye da Kano ba su ƙarar da bishiyoyin gonakinsu ba, sun riƙe su a matsayin dukiya, yawancin itacen da birni ke ƙonawa kuma daga nesa ake kawo shi.

Ƙasar da waɗannan bishiyoyi ke tsaye a kai galibi jigawa ce mai rairayi. A irin wannan ƙasa ta yankin sabana, ruɓaɓɓen abin da ke cikinta sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Shi kuwa wannan ruɓaɓɓen abu shi ke riƙe ruwa bayan an ɗauke, shi ke riƙe takin zamani kada ruwan sama ya wanke shi zuwa ƙasa inda saiwar gero ba ta kaiwa. Buhun taki a gonar da ba ta da shi kamar zuba ruwa ne a kwando. Shi kansa itace ba shi da naitirojin mai yawa, don haka ruɓaɓɓen gungume ba zai maye gurbin taki ba. Amfaninsa shi ne gina jikin ƙasar da takin zai zauna a ciki.

Gara ma manomiya ce

A ƙasar da damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, naman kazan da ke zaune a fili yana aiki ne na ɗan lokaci, sauran shekara yana barci. To, wa ke cin itace da rani? Amsar da kowane mai rumbu ya sani ita ce gara. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne yawancin garar da ke wannan aiki da naman kaza take yin sa.

Akwai nau'o'in gara kusan 330 a Afirka da Asiya, ciki har da masu gina manyan suri, waɗanda ke noma wani naman kaza mai suna Termitomyces a cikin gidajensu. Ma'aikatan garar suna tauno busasshen itace da kara da ciyawa, su kai ciki, su gina wani abu mai ramuka kamar saƙar zuma, su dasa naman kazan a kai. Shi zai narkar da abin da hanjin gara ba zai iya ba, su kuma su ci abin da ya narke. A cikin babban suri zafi yana tsayawa kusan digiri 30 ga kuma danshi, ko da a waje ana tsakiyar bazara. Ta haka aikin ruɓarwa ke ci gaba duk shekara a ƙarƙashin ƙasa.

An auna wannan a Najeriya. Wani bincike da aka yi a Mokwa ta Jihar Neja, aka wallafa a 1981, ya gano cewa gara na kwashe kusan kashi 60 cikin 100 na itacen da ke faɗowa ƙasa a shekara. Mokwa ta fi Shanono ruwa da duhuwa, amma dangin garar da ke aikin suna nan har cikin Sahel. Wani binciken da mujallar Science ta wallafa a 2022 ya nuna cewa saurin cin itacen gara yana ninkawa kusan sau bakwai a duk ƙarin zafi na digiri 10, abin da ke nufin rawar da take takawa za ta ƙaru yayin da duniya ke ɗumama.

Manoman Burkina Faso da Nijar sun mayar da wannan dabara. A kan faƙon da ruwa ke gudu a kansa bai shiga ba, sukan shimfiɗa rassan kalgo da sabara da kara. Gara ta zo ci, ta huda ƙasar da ramuka, ruwan sama ya samu hanya, rassan kuma su tare ƙasa da irin ciyawa da iska ta kwaso. Masanin ƙasa Abdoulaye Mando ya tabbatar da haka da gwaje-gwaje a arewacin Burkina Faso a shekarun 1990. Haka ramukan zai, da ake kira tassa a Nijar, waɗanda marigayi Yacouba Sawadogo ya shahara da su, suke aiki: taki a cikin rami ya jawo gara, gara ta buɗe ƙasa.

Ba a musun ɓarnar gara a rumbu da rufin ɗaki da gonar gyaɗa. Sai dai gwaje-gwaje a wasu ƙasashen Afirka sun nuna cewa inda aka bar mata busasshen abu a ƙasa takan rage taɓa shuka mai rai. Gonar da aka share ƙal, shuka kaɗai ta rage mata.

Wanda ke fitowa a gindin bishiya mai rai

Ba duk naman kazan itace ne ke jiran bishiya ta mutu ba. Wani lokaci a gindin darbejiya ko ɗorawa ko mangwaro akan ga wani abu mai tauri kamar katako, mai siffar rabin faifai, bayansa ja mai sheƙi kamar an shafa masa fenti, cikinsa fari, ga wata jar ƙura a ƙasan wurin. Wannan shi ne Ganoderma. Yana cin saiwa da gindi daga ciki, kuma kafin ya bayyana a waje ruɓar ta riga ta yi nisa. A Indonesiya da Malesiya wani nau'insa shi ne babbar cutar gonakin kwakwar manja.

Yawanci ta rauni yake shiga, ko ta saiwar da ta haɗu da ruɓaɓɓen kututture. Raunukan kuwa sanannu ne: wutar sassabe da aka cinna a gindin bishiya, saiwar da garmar shanu ta yanke, ɓawon maɗaci da aka sassaƙe don magani har aka kusa zagaye shi, reshen da aka sara da dakusasshen gatari ya tsage ya bar kwarin da ruwa ke kwanciya. Fari ma yana raunana bishiya. A farkon shekarun 1990, lokacin da darbejiya ta riƙa zubar da ganye tana bushewa a Nijar da arewacin Najeriya, masu binciken da suka duba lamarin sun fi ɗora alhakin a kan wahalar ruwa da taurin ƙasa, ba a kan wata cuta guda ba. Sau da yawa naman kazan yana zuwa ne bayan wani abu ya riga ya karya ƙarfin bishiyar.

Don haka ganinsa saƙo ne. Idan bishiyar tana kusa da ɗaki, ko a harabar makaranta, ko a bakin kasuwa inda jama'a ke shan inuwa, iskar farkon damina tana iya kayar da ita alhali ganyenta kore shar. Ɓalle abin da ya fito ba ya warkar da komai, tunda jikinsa yana ciki. Abin da ya dace shi ne a duba bishiyar, a rage mata nauyi ko a sare ta kafin ta faɗa wa wani.

Amma a tsakiyar gona, nesa da gidaje, ruɓar ciki tana da nata amfani. Ita ce ke haifar da kogo, kuma tsohuwar bishiya na iya rayuwa shekaru masu yawa da kogonta. A nan ƙudan zuma ke sauka, a nan cilakowa ke ƙyanƙyasa tana ciyar da 'ya'yanta da fara da sauran ƙwari, a nan mujiya ke kwana kafin ta fita farautar ɓeraye. Sabon dashe ba ya ba da kogo sai bayan gomman shekaru.

Batun ci da magani

A wasu ƙasashe, kamar Meziko da arewa maso gabashin Indiya, ana cin Schizophyllum, naman kazan da ke fitowa daga suri kuma abinci ne mai daraja a sassa da dama na Afirka. Wannan ba izini ba ne na cin duk abin da aka gani. Akwai naman kaza masu dafin da ke lalata hanta, dafuwa ba ta kashe dafin, kuma babu wata alama guda ta launi ko ƙamshi da ke raba mai kyau da mai kisa. Shi kansa Schizophyllum likitoci sun sha samunsa, ko da yake ba kasafai ba, yana haddasa ciwo a kogon hanci da huhu.

Ganoderma kuwa sunansa ya riga ya shiga biranen Arewa ta hanyar kofi da shayi da ƙwayoyin da ake tallatawa a matsayin maganin kusan kowace cuta. Gaskiya ne an daɗe ana amfani da shi a maganin gargajiyar Sin. Amma cibiyar Cochrane, mai tace sakamakon gwaje-gwajen lafiya, ta duba hujjojin a 2016 ta ce ba su isa a ɗauke shi a matsayin maganin farko na ciwon daji ba, wani bitar nata na 2015 kuma bai ga amfaninsa ga masu ciwon sukari ba. Wanda ya ajiye maganin asibiti saboda shi yana wasa da ransa.

Inda zagayen ke yankewa

A daji, reshe idan ya faɗi yakan kwanta har ya koma ƙasa. A Shanono da makwabtanta reshe ba ya kwana biyu a ƙasa. Ƙirare na shiga murhu, kara na tafiya danga da abincin dabbobi da girki, kututture ma akan tono shi. Babu laifin kowa a nan. Matar da za ta dafa tuwon gida ba ta da wani makamashi, kuma tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, tsadar rayuwa da ta gas ta mayar da gidaje da yawa a birane kan gawayi da itace, abin da ya ƙara wa itacen karkara kasuwa. Tun kafin nan ma ƙididdigar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana sa Najeriya cikin ƙasashen da suka fi samar da gawayi a duniya.

Bambancin ƙonawa da ruɓewa shi ne abin da ke saura. Wuta tana aika kabon da naitirojin sama cikin sa'a guda, ta bar toka. Tokar na da amfani, tana ɗauke da fotash da kalsiyam, kuma manoman Kano sun daɗe suna mayar da ita gona tare da takin dabbobi da shara. Amma toka ba ta riƙe ruwa kamar ruɓaɓɓen abu, ba ta ciyar da halittun cikin ƙasa. Itacen da aka loda a mota zuwa birni kuwa ko tokarsa ba ta dawowa.

Abin da ƙidayar dashe ba ta faɗa

Shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 yana da burin farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030. Najeriya ta kafa masa hukuma da doka a 2015, Kano kuma tana cikin jihohi 11 da ya shafa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa a cikin ainihin yankin shirin hekta kusan miliyan 4 kawai aka farfaɗo. A Disambar 2021 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 700 don shirin ACReSAL a jihohin Arewa 19 da Abuja. Rance ne, kuma matasan yau ne za su biya.

Abin da aka fi sanarwa a irin waɗannan shirye-shirye shi ne adadin dashen da aka raba, saboda shi ne mai sauƙin ƙirgawa da ɗaukar hoto. Naman kazan itace yana tuna wa mai bibiyar kasafi wasu tambayoyin. Dashe nawa ne ya kai shekara uku? Tsofaffin bishiyoyi nawa aka rasa a daidai lokacin? An auna ruɓaɓɓen abin da ke cikin ƙasar kafin a fara aiki da bayan an gama? Malamin gona da malamin daji na ƙaramar hukuma sun san alamar ruɓar gindi idan sun gan ta? Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan kuɗin ƙananan hukumomi, sashen gona na kowace ƙaramar hukuma wuri ne da ya cancanci a kai waɗannan tambayoyi.

Misalin da ya fi kusa yana Maraɗi. Tun daga 1983, lokacin da Tony Rinaudo ya fara ƙarfafa wa manoma gwiwa su bar kututturan gonakinsu su toho, su zaɓi 'yan rassa su rena, dabarar da ake kira sassabin zamani ta bazu har masu bincike suka ƙiyasta bishiyoyi miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a Nijar. Abin da ya taimaka shi ne manomi ya tabbata bishiyar tasa ce, kuma a 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da dokar da ta tabbatar masa da wannan haƙƙi. Inda bishiyoyi suka yawaita, itacen girki yana samuwa daga rassan da aka rage, har a bar wa ƙasa rabonta.

A duniya ma an fara waiwayar wannan dangi. A taron kare halittu na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a birnin Kali na Kolombiya a Oktoban 2024, ƙasashen Chile da Birtaniya sun gabatar da ƙudurin a ba su matsayi irin na dabbobi da tsirrai a dokokin muhalli. A Maris na 2025 ƙungiyar IUCN mai lissafin halittun da ke fuskantar ƙarewa ta ce cikin nau'i 1,300 da ta duba, aƙalla 411 suna cikin haɗari. Tattara nau'o'in da ke gonakin ƙasar Hausa, da rubuta sunayen da tsofaffi da masu maganin gargajiya ke kiransu da su, aiki ne da ya dace da ɗaliban Jami'ar Bayero da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta, kuma wayar hannu mai kyamara ta isa a fara.

Abin da ke hannun mai gona

Akwai matakan da ba sa jiran kasafi. A janye tarin sassabe daga gindin bishiya kafin a cinna wuta. A rage reshe da kaifin makami, a kusa da inda ya fito, ba tare da an yage ɓawon gangar jikin ba, kuma a yi shi da rani lokacin da irin naman kaza ya yi ƙaranci a iska. Mai neman sassaƙe ya ɗiba ta gefe ɗaya ya bar bishiyar ta warke. Kututturen da ke da rai a bar shi ya toho. Wanda Ganoderma ya kashe kuwa, kada a dasa sabuwar bishiya a gurbinsa sai an tono ruɓaɓɓun saiwoyin. Manyan rassa su tafi murhu, amma ƙananan ƙirare da ganye da ɓawo, waɗanda su ne suka fi sinadarin gina ƙasa kuma suka fi ƙarancin wuta, a tara su a kan faƙo ko a iyakar gona.

Sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 sun kafa doka mai tsanani a kan sare gawo, saboda sun ga yadda gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa. Sun kare bishiya mai rai ne. Abin da kimiyya ta ƙara a kan wannan sani shi ne cewa aikin bishiya ga gona ba ya ƙarewa ranar da ta bushe. Idan aka bar wani sashe nata a ƙasa, 'yan mafitan nan masu ruwan toka za su fara, gara ta ɗora, bayan 'yan damuna mai gona ya sa fartanya a wurin ya tarar da baƙar ƙasa.